Yadda za ka haɗa tarihin rundunar kadet ta sama: fara da littafin kuɗi

Kusan duk rundunar kadet ta sojan sama da ka shiga a Birtaniya, wato ƙungiyar matasa da ake koya wa fareti da harkar jirgi, za ka tarar da allon katako a bango, an jera sunayen kwamandoji da ruwan zinare, kowa da shekarun da ya yi. Idan aka ɗora wa mutum rubuta tarihin runduna, yawanci allon nan yake kwafewa, ya ƙara hotuna kaɗan, ya ce ya gama. Wannan kamar jerin sunayen sarakunan gari ne: ka san wanda ya hau da wanda ya sauka, amma ba ka san abin da mutanen gari suka ci suka sha ba. Abin da yaran suka ƙera da hannunsu, da ƙananan rassan da aka buɗe a ƙauyuka aka rufe, ba sa hawa allo. Su ne kuma suke fara ɓacewa.

Ni ma'aji ne a kwamitin farar hula na wata runduna a tsakiyar Ingila. 'Yata ce ta ja ni ciki, daga kai ta fareti da yamma sai ga ni da makullin akwatin takardu. Ga hanyar da na bi, ga kuma wadda zan ba duk wanda aikin ya faɗo wa.

Kafin ka taɓa takarda ko ɗaya, ka riƙe ƙashin bayan labarin, don ka san inda za ka rataya abin da ka samo. A 1938 wani hafsan sojan sama mai ritaya, John Adrian Chamier, ya kafa ƙungiyar kadet ta farko a ƙarƙashin Air League, wata ƙungiya mai ƙarfafa harkar jiragen sama. Rundunoni hamsin na farko an ba su harafin F a bayan lambarsu, alamar su ne na tushe, kuma lamba ɗaya ta birnin Lesta ce. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi zafi gwamnati ta karɓi abin, ranar 5 ga Fabrairu 1941 aka kafa Air Training Corps, ATC a taƙaice, da amincewar Sarki George na Shida. Cikin ɗan lokaci yaran suka haura 200,000, domin a lokacin ƙofa ce ta shiga sojan sama kai tsaye. Bayan yaƙi adadin ya zube, rundunoni da yawa suka mutu ko aka haɗe su. A 1948 aka kafa haɗaɗɗiyar ƙungiyar kadet ta makarantu, wasu rundunonin makarantu suka koma can. Mata kuma sai a farkon shekarun 1980 aka fara karɓarsu. Yau tsarin shi ne runduna a ƙarƙashin shiyya, shiyya a ƙarƙashin ɗaya daga yankuna shida, hedikwata tana Kiranwel a Linkonshaya.

Reshe kuwa ƙaramin rukuni ne da yaransa ba su kai a kira shi runduna ba. Yana taruwa a wani gari dabam, amma lambar uwar rundunar yake ɗauka, sai a ƙara haruffan DF a baya. Ka riƙe haruffan nan biyu, da su za ka yi farauta.

Yanzu aiki. Kowa zai ce maka ka fara da ofishin kwamanda. Ni na ce ka fara da kwamitin farar hula, ka nemi abu biyu: littafin kuɗi da littafin bayanan taro. Dalili kuwa tsarin kuɗin ne da kansa. Kaki da gini da tashi a jirgi, gwamnati ce ke biya. Amma motar runduna, da ganguna, da tantuna, da katako da fenti na duk wani abin da yara za su ƙera, daga kuɗin da iyaye ke biya da wanda aka tara a bakin kanti ko a kasuwar gwanjo suke fitowa, kuma kwamiti ne ke riƙe da su. Hafsa yana iya canza wurin aiki ya tafi da takardunsa, ofis yana iya zubar da tsofaffin fayiloli, amma ma'aji ba ya jefar da littafinsa, don tsoron ranar da za a tambaye shi. Saboda haka duk aikin da aka taɓa yi ya bar sawu a layin kuɗi, ko da ba wanda ya ɗauki hotonsa.

Littattafan ba lallai suna hedikwatar runduna ba. Namu na dā a saman silin gidan wata tsohuwar sakatariya muka same su, cikin jakar tafiya, suna warin danshi. Ka tambayi tsofaffin shugabanni da ma'ajiyai da iyalansu, musamman matan waɗanda suka rasu, cikin ladabi, kuma ka yi alkawarin mayarwa idan suna so.

Idan littafin ya zo hannunka, kada ka karanta shi kamar labari. Ka ɗauki takarda ka ja gida huɗu: kwanan wata, abin da aka saya, nawa, da abin da kake zato. Gidan zato ka rubuta shi da fensir. Ga yadda wani aiki ya fito mana. A wani shafi an sayi faranten katako da gam. Bayan wata biyu an sayi tsohon injin babur. Sai yadin roba mai kauri, sai farfela. A littafin taro na lokacin an rubuta cewa shugaba ya nuna damuwa kan inshora. Daga nan shiru na tsawon lokaci, sai wani layi guda na kuɗin motar da ta kwashe tarkace daga bayan bukka, wato ginin rundunar. Ba inda aka rubuta sunan abin, amma duk wanda ya san zamanin ya gane: jirgin nan ne mai shawagi kan matashin iska. Tun da na Christopher Cockerell ya tsallaka mashigin ruwan Ingila a Yulin 1959, sha'awar ƙera ƙaraminsa ta kama matasa da malamansu. Namu, bisa ga waɗanda suka gani, ya taɓa ɗagawa a filin ƙwallo, ya yi ta juyi a wuri ɗaya ya ƙi zuwa gaba. Ni a ganina wannan ya fi cancantar shafi guda fiye da kofunan da ke cikin kabad.

Littattafan da suka girmi 15 ga Fabrairu 1971 da fam da sule da kwabo aka rubuta su, gida uku a kowane layi: kwabo 12 sule guda, sule 20 fam guda. Wanda ya taso a Najeriya kafin zuwan naira a 1973 ba zai sha wahala ba, amma matasa sukan ɗauka kuskure ne. Wannan ma hanyar gane zamani ce. Rasit mara kwanan wata, idan da sule a jikinsa, ka san gefen da ya faɗa.

Sauran ayyukan da za ka sa wa ido: kwalekwalen da aka zuba da hannu, ɗakin rediyo da eriyarsa, ƙananan jiragen katako, tsohon injin jirgi da aka yanka don koyarwa, ƙungiyar bigila da ganguna, da na'urar koyon tuƙi ta Link, wato akwatin nan mai kama da guntun jirgi da Edwin Link ya ƙirƙiro a Amurka a 1929, wanda rundunoni da dama suka gada daga sojan sama. A zamanin nan kuma akwai kujerar koyon tuƙi ta kwamfuta. Kowane aiki ka nemi amsar tambaya huɗu: wa ya kawo shawarar, ina kuɗin ya fito, an gama ko ba a gama ba, ina abin yake yanzu. Za ka lura kusan ko da yaushe mutum ɗaya ne ruhin aikin, malamin sa-kai mai sana'ar walda ko lantarki, kuma ranar da ya bar gari aikin ya kwanta. Ka nemo sunansa. Ba ya kan allo, don shi ba hafsa ba ne.

Rassa sun fi wuya, a nan za ka fi daɗewa. Reshe ba kasafai yake da gininsa ba. Zauren ƙauye ne, ko aji a makaranta, ko ɗakin coci da ake haya dare ɗaya ko biyu a mako. A littafin kuɗi zai fito a matsayin haya da ake biya duk wata uku, ko kuɗin mai na hafsan da ke zuwa can, ko gida dabam na kuɗin yara da aka karɓo. Ranar da layin ya fara da ranar da ya daina su ne iyakokinka na farko. Ba su ne ranakun hukuma ba, domin sau da yawa an fara taruwa kafin izini ya iso, kuma ana ci gaba da biyan bashin haya bayan an rufe, amma sun isa ka san shekarun jaridar da za ka bincika.

Sannan ka gano yadda reshen ya ƙare, don hanyoyin ba ɗaya ba ne. Wani ya yi ƙarfi aka ba shi lambarsa ya zama runduna mai cin gashin kanta, to takardunsa na can, ka je ka gaishe su ku yi musayar abin da kowa ke da shi. Wani yara suka ragu aka rufe, aka riƙa ɗauko sauran a mota. Wani kuma an cire shi daga hannunku an ba wata rundunar da ta fi kusa, lambarsa ta canza, mutanensa na nan. Akwai kuma ta baya: rundunar da ta yi rauni aka mayar da ita reshen maƙwabciyarta. Wannan ta ƙarshe ita ce mai ciwo, kuma tsofaffin wurin har gobe da tsohuwar lambarsu suke kiran kansu. Idan kana hira da irinsu, ka kira lambar da suke so, ka bar ta hukuma a cikin rubutu.

Ka je wurin da ƙafarka. Masu kula da zaurukan ƙauye suna da littafin haya nasu, makarantu suna da mujallar shekara da littafin shugaban makaranta, kuma da yawa daga cikinsu suna ma'ajiyar tarihi ta gunduma. Ka kula da sunayen wurare: a 1974 an sake shata gundumomin Ingila da Wels, a Landan kuma tun 1965, saboda haka ƙauyen da yake wannan gunduma yau yana iya zama takardunsa na wata. Batun gini da fili kuwa, ka rubuta wa ƙungiyar RFCA ta yankinku, ita ke kula da gine-ginen kadet, a tsofaffin wasiƙu za ka gan ta da sunan TAVRA.

Jaridun gari su ne mataki na gaba. British Newspaper Archive, rumbun tsofaffin jaridu a intanet, na kuɗi ne, amma ɗakunan karatu da yawa suna ba da shi kyauta a kwamfutocinsu, kuma abin da ba a ɗora a intanet ba yana nan a faifan fim. Kada ka nemi lambar runduna kaɗai, injin karanta tsohon bugu yana rikita lambobi. Ka haɗa sunan ƙauye da ATC, ko sunan hafsa. Idan fim kake juyawa, ka nufi makonnin da kadet ke fitowa fili: Lahadin da ta fi kusa da 5 ga Fabrairu, tsakiyar Satumba lokacin tunawa da Yaƙin Birtaniya, wato yaƙin sama na 1940, Lahadi ta biyu a Nuwamba ta tunawa da mazan jiya, da lokacin sansanin bazara. Hafsoshi kuma London Gazette, jaridar sanarwar gwamnati, ce maganinsu, kyauta ce a intanet, tana ɗauke da ranar da aka ba kowa muƙami a reshen horarwa na RAFVR, wato dakarun sa-kai na sojan sama, wanda aka maye gurbinsa da sabon tsarin muƙamin kadet a 2017. Da ita za ka gwada allon bango, kuma kada ka yi mamaki idan ka samu wanda ya riƙe runduna na wucin gadi an tsallake shi. Babbar ma'ajiyar ƙasa da ke Kiyu a Landan tana da fayilolin tsohuwar Ma'aikatar Sama, masu amfani wajen gane manufofi, amma kada ka kashe kuɗin jirgin ƙasa da fatan samun labarin zauren ƙauyenku a can.

Sai mutane. Na ajiye su bayan takardu da gangan, ban da wanda ya tsufa sosai ko ba shi da lafiya, shi kam ka je yau. Tsohon kadet idan ka je masa hannu rabbana zai ba ka labarin da ya saba bayarwa, na ranar da ya fara tashi a jirgi. Idan ka je da hoto ko kwafin shafin littafin kuɗi, sai ka ji abin da shi kansa ya manta ya sani. Ka ajiye hoton a gabansa, ka karɓi shayin da aka ba ka, ka yi shiru. Wani dattijo da na kai wa hoton reshenmu na dā ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗora yatsa ba kan fuskar kowa ba, kan wata ƙofa a bayan layin yaran, ya ce a nan ake ajiye bindigogin fareti, kuma makullin yana hannun mai kantin kusa. Daga wannan ƙofa muka gane ba makarantar da kowa ke faɗa ba ce, wani zaure ne da aka rushe tuni.

Ka roƙi kowa ya nemo ɗan littafinsa na kadet, wanda suke kira 3822. A ciki ake rubuta ranar shiga, da jarrabawa, da harbi, da kowane tashi a jirgi, da sansani, da sa hannun hafsa da hatimin rukuni. Hatimin nan ne ya fi komai daraja a wurinka, domin shi ke nuna reshe yana raye a rana kaza. Abin da mutum ya faɗa da baki kuma ka rubuta shi da sunansa, "in ji wane". Shekaru sukan zame wa tsofaffi, amma jerin abubuwa ba ya cika zame musu, saboda haka ka tambayi me ya riga me, ba wace shekara ba.

Hotuna marasa kwanan wata, su ma suna magana idan ka san inda za ka duba. Kambin da ke kan baji: na zamanin Sarki George dabam yake da wanda aka koma bayan hawan Sarauniya Elizabeth. Jirgin da ke bayan yaran: Chipmunk shi ne na ɗanɗana wa kadet tashi tun 1958 har zuwa 1996, Bulldog ya ɗan riƙe, Tutor ya karɓa daga 1999. Jiragen da ba su da inji, na katako da yadi irin su Sedbergh sun ba Viking wuri a tsakiyar shekarun 1980. Idan da yarinya cikin kaki a layi, hoton bai girmi shekarun 1980 ba, sai dai idan ta ƙungiyar mata ce ta dabam da ta zo taron haɗin gwiwa. Lambar mota tana taimakawa: harafin shekara a ƙarshe daga 1963, a farko daga 1983, sabon tsari daga 2001. Har lambar waya a kan takardar wasiƙa, domin a Afrilun 1995 aka ƙara 1 bayan sifilin farko. Duk waɗannan suna gaya maka abin da hoto ba zai girma ba ne kawai. Runduna takan yi shekara da shekaru da tsohuwar mota da tsohuwar takarda, don haka ka haɗa alamu biyu ko uku kafin ka yanke.

Kada ka yi aikin kai kaɗai. Yaran suna neman aikin sa-kai don lambar yabo ta Duke of Edinburgh, wadda aka fara a 1956, kuma sun fi ka hannu da na'urar ɗaukar takardu. 'Yata cewa ta yi, "Baba, kai dai ka riƙa miƙo mana, ka bar na'urar." Na bari. Abin da na tsaya a kai shi ne sunan kowane fayil ya fara da shekara, sai wuri, sai wanda ya ba da aron takardar, kuma a ɗauki bayan hoto kamar yadda aka ɗauki gabansa. Hira da tsofaffi kuma ba a tura yaro shi kaɗai, ƙa'idar kare yara ta hana, sai da babba wanda aka tantance.

Batun doka ka ɗauke shi da gaske. Hoton yaran da ke runduna yanzu ba ya fita sai da izinin iyaye. Littafin taro yana ɗauke da abubuwan da ba na bugawa ba: yaron da aka kora, iyayen da suka kasa biya, hafsan da aka yi rigima da shi. Mutanen nan ko 'ya'yansu suna nan a gari. Ka rubuta cewa an samu saɓani a kan kuɗin mota, ka bar sunaye. Hoton jarida kuma na jaridar ne, ka nemi izini, galibi ba sa hanawa idan ba sayarwa za ka yi ba. Kafin a buga komai ka nuna wa kwamanda da ofishin shiyya.

Wajen rubutawa, ni ban yarda da bin kwamandoji ɗaya bayan ɗaya ba. Ka yi shafi guda na jerin shekaru a farko, sannan kowane reshe babinsa, kowane babban aiki babinsa, ko da wani shafi uku ne wani rabin shafi. Ka sa taswira mai nuna inda kowane reshe ya zauna, har da ginin da babu shi yanzu. Inda shaidu biyu suka saɓa, ka kawo duka biyun. Ayyukan da suka lalace ka ba su haƙƙinsu, su tsofaffi suka fi tunawa, su kuma ke sa na yanzu dariya.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne shekarun baya-bayan nan sun fi na 1960 wuyar samu. A dā ana wanke hoto a manna a littafi. Yanzu yana wayar wani da ya tafi jami'a, ko a shafin Facebook da ba wanda ya tuna kalmar sirrinsa. Lokacin da aka dakatar da tashi a jiragen da ba su da inji a 2014, da lokacin korona daga Maris 2020 da aka koma fareti ta bidiyo kowa a ɗakinsa, kusan ba su bar takarda ba. Ka bi waɗanda suka yi zamanin tun lambobinsu na aiki, ka sauke hotunan, ka wanke zaɓaɓɓu, ka rubuta sunaye a baya da fensir mai laushi, ba biro ba.

Idan ka kammala, ka yi kwafi uku: ɗaya a runduna, ɗaya a ɗakin karatu na gari, ɗaya tare da tsofaffin littattafan na asali a ma'ajiyar gunduma, inda za ka iya sa sharaɗin kada a buɗe littattafan taro sai bayan wasu shekaru. Bukkar kadet tana yoyo, kuma ana sauya ta. Sannan ka sa a ajandar babban taron kwamiti na shekara cewa sakatare zai riƙa haɗa shafi biyu duk shekara: abin da aka ƙera, inda aka je, yawan yara a hedikwata da a reshe, da hoto guda na kowa da kowa, da sunaye daga hagu zuwa dama.